Ƙofar da Royce Pettigrew Ya Gyara

Zuwa ga kwamitin Ƙungiyar Masu Hawan Dutse ta Kwarin Mangarua.

Sunana Noeline Gadsby. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyarwa a firamaren garin nan, kuma uku daga cikin ku biyar ni na koya muku riƙe fensir, saboda haka ku gyara zama ku karanta wannan takarda har ƙarshe. Na ga abin da kuka buga a jaridar ƙungiya ta wannan wata, cewa an rufe Dutsen Kilgour "sakamakon 'yar rashin fahimta game da dabbobi." Ba 'yar rashin fahimta ba ce. A gabana aka yi. Zan faɗi abin da ya faru daki-daki, sannan in faɗi abin da nake nema.

Saboda sababbin shiga, bari in tuna muku cewa dutsen nan ba namu ba ne, ba kuma na gwamnati ba. A cikin gonar Bevan Kilgour yake. Bango ne na dutsen farar ƙasa mai tsawon mita talatin, mai ramukan da yatsu ke shiga kamar an auna, kuma babu irinsa sai ka yi tafiyar awa uku a mota. Shekara goma sha tara da suka wuce na je na zauna a kicin ɗin Bevan, wanda ɗalibina ne a aji huɗu, na roƙe shi ya bar mu mu riƙa ratsa gonarsa. Ba takarda, ba lauya. Ya ce, "Malama, in ke kika tsaya musu, shi ke nan." Ya ba da sharuɗɗa huɗu, ni na rubuta su da fenti a allon da ke bakin titi: a bar mota a titi, ba a shiga da kare, a bi turakun da aka shafa wa farin fenti, kuma kowace ƙofa a bar ta yadda aka same ta. Shekara goma sha tara muka yi muna bin waɗannan, muka kafa ƙusoshi a hanyoyin hawa sittin, ko gashin tunkiya ɗaya bai taɓu ba.

Sai Royce Pettigrew ya tare a garinmu daga Auckland, inda ya yi rayuwarsa yana dillancin gidaje. Wata huɗu da shigarsa ƙungiya kuka ba shi muƙamin mai hulɗa da masu gona. Kuna tune da taron. Ya miƙe tsaye, hannu a aljihu.

"Matsalarku ɗaya ce," in ji shi, "tsoron manomi kuke yi. Shekara da shekaru kuna taka kilomita biyu da kaya a gadon baya kamar jakuna. Ku ba ni yini ɗaya da mutumin nan. Zan ciyar da shi, in yaba masa, in nuna masa hawa irin na gaske. Kafin ya gama taunawa ya sa hannu a ba mu hanyar mota har gindin dutse. Ni da na sayar da gida mai kallon bola da sunan yana kallon teku!"

Huia Tamatea, ma'aikaciyar jinya wadda ta fi kowa a cikinmu iya riƙe igiya, ta ce, "Ka taɓa shiga gona kuwa, malam?"

"Ni? Jinin noma ne a jikina. A gonar kawuna na tashi."

"Shekara nawa ka yi?"

"Ba a auna irin wannan da shekaru, ƙanwata."

Daga baya matarsa ta auna mini shi a kanti: mako biyu ne, yana ɗan shekara tara, kuma gonar lemo ce. A taron na ɗaga hannu na ce ban yarda ba. Aka rubuta "an ji ra'ayin Malama Gadsby," aka wuce. Aka sa ranar Asabar, ashirin da biyu ga Fabrairu, a tsakiyar zafi. Royce ya gayyaci mutum arba'in, da mai ɗaukar hoto ta jaridar mako, da Bevan da matarsa Raewyn, su kuma su zo ƙarfe ɗayan rana.

Ƙarfe tara na safe na iske Royce a bakin titi ya buɗe ƙofar farko, yana shirin kutsa ƙatuwar motarsa cikin ciyawa. Na tsaya a gaban motar.

"Gwaggo, matsa mana," in ji shi ta taga. "Murhun gashi ne a baya."

"Ni ba gwaggonka ba ce. Karanta layi na ɗaya a allon can."

"Ai yau ranar biki ce."

"Allon bai san biki ba. Karanta layi na biyu kuma, don ga wani abu yana leƙe a kujerar baya."

Wata 'yar farar karya ce, kamar an dunƙule auduga an sa mata ido, da jan ƙyalle a wuya.

"Wannan ba kare ba ce, Duchess ce. 'Yar gida ce, ko ƙuda ba ta kora."

"Tana haushi?"

"Sai in ranta ya ɓaci."

"To kare ce. A mota za ta zauna, ka sauke mata gilashi."

Ya ce ya ji. Ya sa wasu mutum huɗu suka ɗauki murhu da tebur, shi kuma ya goya wata jaka mai ƙiba. Sai da muka yi nisa na ga jakar tana numfashi. Na yi magana, ya rantse cewa ba za ta fito ba, kuma jama'a suka ce don Allah Malama a bar maganar, rana na yi. Na bari. Wannan kuskurena ne, na rubuta shi da hannuna.

Daga titi zuwa dutse ƙofa uku ake bi. Ta farko a rufe muka same ta, muka rufe. Ta biyu a buɗe take wangame, an ɗaure ta da igiyar roba a jikin turke, ƙulli biyu. Dalili a bayyane yake ga mai ido: tumakin Bevan mata, guda ɗari shida, suna kiwo a filin da ke sama da ƙofar, komin ruwansu kuma yana filin da ke ƙasa da ita. Royce ya ja tunga.

"Kun gani? Sakaci. Kawuna da ya kori ma'aikaci a kan wannan."

"An ɗaure ta," na ce. "Iska ba ta iya ƙulli."

"Doka ta farko a gona, Gwaggo: ka rufe ƙofa."

"Dokar ita ce ka bar ta yadda ka same ta. Ni na rubuta."

Ya ɗaga hannu sama kamar wanda aka zalunta, muka wuce ta cikin tumakin, muka bi ƙofa ta uku muka rufe, muka isa gindin dutse. Aka kafa tebur, aka shimfiɗa igiyoyi, mutane suka ɗaura ɗamarar hawa. Na riƙe wa wani baƙo igiya, na nuna wa wata yadda ake maƙala ta a ƙusa. Ƙarfe goma da rabi Royce ya tuna ya bar akwatin sosej a mota, ya koma. Ya dawo da akwatin yana fito.

Wajen ƙarfe goma sha biyu, rana ta take, sai muka fara jin kukan tumaki daga ƙasa. Ba irin na hira ba, irin na kai ƙara. Huia ta sa hannu a goshi ta hango.

"Me ya tara su a ƙofa ta biyu?"

Royce yana juya nama a wuta, bai ko ɗago ba. "Na so ya zama abin mamaki, amma tunda kun tambaya, na gyara wa manominku kuskurensa. Na rufe ta. Na ma ƙara mata waya. In ya zo zan faɗa masa a hankali, kada ya ji kunya a gaban mutane."

"Ka raba tumaki ɗari shida da ruwa," na ce, "a rana irin wannan."

"Ruwa?"

"Abin nan da ake sha. Ajiye cokalin. Je ka buɗe ta, ka ɗaure ta yadda take, ƙulli biyu. Maimaita abin da na ce."

"Haba Gwaggo, ni ba ɗan aji uku ba ne."

"Ɗan aji uku da bai taɓa ta ba."

Ya tafi yana gunaguni. Shekarata saba'in da ɗaya, gwiwata ta hagu ba tawa ba ce, ta asibiti ce, shi ya sa ban bi shi ba. Minti arba'in ya yi. Muka hango shi yana dawowa yana taku ɗai-ɗai, kukan tumakin kuma ya lafa. Da ya iso ƙofa ta uku ya ga mai hoto ta juyo, sai ya ƙi buɗewa, ya ce zai tsallake. Duk wanda ya taɓa zama a ƙauye ya san in dole ne a hau ƙofa, ta gindinta ake hawa, inda ƙarfe ya riƙe ta da ginshiƙi. Royce ya hau ta ɗaya ƙarshen, ya tsaya a sama yana ɗaga wa jama'a hannu, shi da kilo ɗari da wani abu. Ƙofar ta yi ƙara sau ɗaya ta gargaɗe shi, sannan ta kwanta da shi.

Ya tashi yana kakkaɓe wando. "Ruɓaɓɓiya ce dama. Zan sa ta cikin jerin abin da zan faɗa masa." Ya jingina ta da waya, ya taho.

"Ka buɗe?" na ce.

"Na yi abin da ya fi haka. Me ya sa dabbobi za su gangara har ƙasa su sha ruwa? Akwai wani ɗan fili a gefe, hannun hagu, da nasa komin, ga inuwa. Na buɗe musu nan. Sai da na sha wahala, don ya naɗe ƙofar da sarƙa har da waya. Mutumin nan inda ya kamata ya rufe ya buɗe, inda ya kamata ya buɗe ya rufe."

Huia ta ajiye kofin shayinta a hankali. "Babu komai a cikin ɗan filin?"

"Tumaki shida ne kawai, manya, masu ƙiba. Kaɗaici ya ishe su. Ku ga murna! Da gudu suka fito tarbar baƙi."

Kitse yana ta ɗiga a wuta.

"Royce," na ce, "ragunan Bevan ne."

Ya yi dariya har da dukan cinya. "Raguna? Gwaggo, da girmanki. Na duba su ɗaya bayan ɗaya. Ko ɗaya babu ƙaho."

"Irin Romney ne. Ba sa ƙaho."

"To ta ina ake gane su?"

Huia ta ce, "Ta ɗaya ƙarshen, Sarkin Noma. Kansu ka duba, da ka zagaya baya."

Ga wanda ya tashi a gonar lemo, bari in yi bayani. Bevan ba ya sakin raguna sai ƙarshen Maris, don a haifi 'ya'yan lokacin da sanyi ya karye, ciyawa ta fito. Tunkiya kwana ɗari da arba'in da bakwai take yi da ciki. Ku ƙidaya daga ashirin da biyu ga Fabrairu, za ku sauka a goma sha tara ga Yuli, tsakiyar sanyi, ƙanƙara a ƙasa, ruwa a sama, fili fes babu abin ci. Wannan shi ne dalilin sarƙar, wannan shi ne dalilin wayar.

Na ɗauki sandata na nufi ƙasa, mutum biyar suka biyo ni. Royce ya duba agogo.

"Saura minti goma baƙona ya iso. Ku je ku raba su, shida ne kawai. Huia, riƙe mini igiya. Ina so ya same ni a sama."

"Ka haukace?"

"Wanda ya fara gani da ido shi ke sa hannu. Sana'ata ce."

Huia ta gaya mini daga baya cewa ta riƙe masa ne don ta lissafa ya fi aminci a ɗaure da igiya da a sake a cikin gona. Ban ga laifinta ba. Ya cire jakarsa ya ajiye a gindin dutse, ya hau. Bai ja zif ɗin jakar har ƙarshe ba.

Ban kai ƙofa ta uku ba wani farin abu ya wuce ni kamar an harba shi. Duchess, wadda ko ƙuda ba ta kora, ta bi ta ƙarƙashin waya ta faɗa cikin garke, ta zagaya ta bayansu tana wani siririn haushi kamar ana taka abin wasa. Tumaki ɗari shida da raguna shida suka juya lokaci ɗaya suka yo sama. Ƙofar da aka jingina ta sake kwanciya, wannan karon ba gargaɗi. Na haye wani ƙaton dutse da gwiwar asibiti, abin da likita ya ce ba zan ƙara yi ba, suka ratsa ta dama da hagu kamar ruwa ya ɓalle.

Daga can na ga komai. Tebur ya fara tafiya, da farin ƙyallensa, a kan gadon bayan tumaki, kwanon salak yana zaune a kai bai zube ba har ya yi mita goma. Murhu ya kife. Igiyoyi goma sha biyu da aka shimfiɗa suka zama taliya. Mutum arba'in, masu hawa da waɗanda ba su taɓa hawa ba, duk suka manne a jikin dutse, wani akawu mai ciwon baya ya kai ƙusa ta biyu ba igiya ba ɗamara. Mai hoto ce kaɗai ba ta gudu ba, ta hau akwatin sosej tana ta ɗauka.

Royce yana wajen ƙusa ta huɗu. Ya waiwayo.

"Kada kowa ya firgita! Ku yi layi! Ku buɗe hannuwa! Duchess, zauna! Ku kora su can!"

Ya nuna "can" da hannun dama, ya ga ba a gane ba, ya ƙara da na hagu. Ba shi da hannu na uku. Ya sulmiyo, igiya ta cafke shi, ya tsaya yana lilo mita uku daga ƙasa, yana juyawa a hankali kamar kazar da ake gasawa.

"Sauke ni, Huia!"

"Ina? Duba ƙasanka."

Ɗaya daga cikin tumakin nan shida masu kaɗaici ya zaɓi daidai ƙarƙashin Royce ya kama aikin da aka saye shi dominsa.

A wannan lokaci, ƙarfe ɗaya daidai, Bevan Kilgour ya gangaro ta bayan tudu daga gidansa a kan babur mai ƙafa huɗu. Ya sa farar riga mai guga, abin da ban gan shi da ita ba tun jana'izar mahaifinsa. Raewyn tana bayansa da kwandon sikon, wani irin burodi mai ɗumi, a cinya. Bai zo da karnukansa ba, don an ce masa liyafa ce. Ya kashe babur. Ya dubi tumakinsa, ya dubi ƙofarsa a kwance, ya dubi ragon, sannan ya ɗaga kai ya dubi abin da ke lilo a sama da shi.

"Bevan, abokina!" in ji Royce, lokacin da juyi ya kawo fuskarsa. "Royce Pettigrew, mun yi waya. Barka da zuwa. Yi haƙuri da ɗan hayaniyar nan." Juyi ya tafi da shi, ya ci gaba da magana da dutse. "Akwai wasu 'yan gyare-gyare da na lura da su a gonarka."

"Wa ya buɗe wa raguna?" in ji Bevan.

"To, ka ga, batun ruwa ne."

"Ruwa yana ƙasa. Na bar musu ƙofa."

"Wannan ce gyara ta farko."

"Karen wa ye wancan?"

"Ba kare ba ce, Duch..."

"Ta cinye rabin kunnen tunkiyata."

Raewyn ta sauko, ta rufe kwandonta da ƙyalle, ta ce, "Kai ne wanda ya ce a waya jinin noma ne a jikinka?"

"Ni ne, uwargida."

"To a kai ka asibiti a ƙara maka."

Ko a nan bai yi shiru ba. Juyi ya sake kawo shi, ya ce, "Tunda ga ka ga ni, batun hanyar mota. In da akwai hanya har nan, ka ga ba wanda zai taɓa ƙofofinka da ƙafa."

Bevan ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce wa Huia, "'Yar uwa, hannunki ya gaji?"

"Ko kaɗan."

"To riƙe shi nan sai na dawo da karnuka."

Minti ashirin da biyar ya yi a rataye. Hoton da kuka gani a shafin farko na jaridar mako, wanda aka manna a kantin kayan gona da mashaya da ɗakin jiran likitan haƙori, a lokacin aka ɗauke shi.

Raba raguna shida daga tumaki ɗari shida da suka watsu cikin duwatsu da ramuka da ƙayar daji ba aikin minti goma ba ne. Huɗu aka kama kafin rana ta faɗi. Biyun ƙarshe sai Lahadi da tsakar rana aka same su a cikin wani kwari, sun rame, suna murmushi. Mu goma sha ɗaya muka tsaya muka taimaka, muka dawo washegari. Royce ya ce ɗamara ta matse masa jijiya, ya ɗauki Duchess ya tafi tun ƙarfe biyu. Ranar Litinin Bevan ya sa sarƙa da kwaɗo a ƙofar bakin titi, ya juya allona ya fuskanci ciyawa.

Ban je wurinsa ba sai makon jiya, ranar da mai na'urar duba ciki ya zo. Na tsaya a bakin garke har aka gama. Tunkiya ashirin da uku ke ɗauke da cikin Fabrairu, tara daga ciki tagwaye. An shafa musu shuɗin fenti a baya. Bevan ya wanke hannu, ya cire hula, ya zo inda nake.

"Malama, kowace tunkiya mako ɗaya dutse a rufe. Daga yau."

"Mako ashirin da uku, Bevan. Mutum ɗaya ne ya yi laifi."

"Ku arba'in ne a wurin."

"Ni na hana shi."

"Kin hana shi mota. Kin ga jakar tana numfashi, an ce mini." Ya juya hular a hannunsa. "Kin tuna ranar da aka sa kwaɗo mai rai a cikin aljihun teburinki? Ba ni na sa ba. Kin ce wanda ya gani ya yi shiru, shi ma ya sa. Duk ajin muka zauna, ba wanda ya fita tara."

Dokar daidai take a lokacin, daidai take yanzu. Na tambaye shi ko a wancan karon ban bar wata hanyar fita ba. Ya ce na bari: mai laifin ya zo da kansa ya share aji. Ya yi tunani kaɗan, ya ce to. Shuɗayen nan za su fara haihuwa a goma sha tara ga Yuli. Sai an zagaya su kowace safiya, a ɗaga wadda ta kife, a jawo ɗan da ya maƙale, a sa wanda sanyi ya kama a cikin riga a kai shi kusa da murhu. Duk safiyar da Royce ya zo ya yi wannan da hannunsa, Bevan zai yafe mako ɗaya daga abin da ya rage. Ranar da ya yi fashi, a ƙara biyu.

Ga abin da nake nema, kuma ba roƙo nake ba.

A cire Royce Pettigrew daga muƙaminsa a taro mai zuwa, a fili, ba a ce "ya sauka don ya huta" ba. A gyara rahoton jaridar ƙungiya, a sa sunansa, da ƙofa biyu da ya taɓa, da ta ukun da ya karya. Ya daina gaya wa mutane a mashaya cewa ya ƙara wa Bevan yawan garke kyauta, don maganar ta kai kunnen Raewyn. A mayar da hulɗa da masu gona hannun Huia Tamatea, wadda ta san gaban rago da bayansa. Sannan kwamiti ya rubuta masa cewa ko ya bayyana a gonar Kilgour ranar goma sha tara ga Yuli, ko ya nemi wata ƙungiyar a Auckland.

Maganata na ba Bevan shekara goma sha tara da suka wuce, kuma a kanta kuka yi ta hawa. Ina so a dawo mini da ita tun ina da gwiwar da zan hau. Ba sai kun damu da yadda Royce zai je ba, ni zan ɗauko shi da motata, ƙarfe shida da rabi, kuma zan tsaya a bakin waya da fulas ɗin shayi in ga ya yi. Ku ce ya zo da takalmin roba da tsohuwar riga. Kada ya zo da kare, kada ya zo da shawara.

Noeline Gadsby, malama mai ritaya.